Me Ya Sa Gwiwar Hannuna Ta Ƙi Miƙewa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 52, kuma na kusa shekara 30 ina aikin guduma da ɗaukar kaya masu nauyi. Yanzu hannuna na dama ya daina miƙewa sosai. Idan na matsa masa sai in ji zafi a bayan gwiwar, wani lokaci ma sai ta cije, sai na girgiza ta kafin ta saki. An ɗauki hoton ƙashi, aka ce amosanin gaɓa ne, amma kuma wai gaɓar ba ta cinye ba. Yaya za a yi a ce akwai amosani, gaɓa kuma ba ta cinye ba?

Amsa: Malam, sannu da jiki. Maganganun nan biyu da aka faɗa maka ba sa karo da juna, amma sai mun leƙa cikin gwiwar tukuna za ka ga dalili.

Abin da muke kira gwiwar hannu gaɓoɓi uku ne a cikin jaka ɗaya. Ƙashin damtse yana saukowa daga kafaɗa, a ƙarshensa sai ya fitar da fuska biyu. Ta ɓangaren jiki tana kama da abin naɗe zaren keken ɗinki, mai kwari a tsakiya. Ta waje kuwa rabin ƙwallo ce. A ƙasa ƙasusuwa biyu ke tarbar su. Wanda ke layin ƙaramin yatsa, alna, bakinsa kamar na sifana yake, ya kama fuskar nan mai kwari gam, kuma a nan ake lanƙwasawa da miƙewa. Tsininsa ne kake dogarawa a kan tebur. Wanda ke layin babban yatsa, rediyas, kansa kamar murfin kwalba ne mai ɗan zurfi, yana zaune a kan rabin ƙwallon. Gaɓa ta uku tsakanin waɗannan biyun take, ita ke ba ka damar kifa tafin hannu ka kuma buɗe shi. Ɗora yatsa a ɗan ramin da ke gefen waje na gwiwarka, ka juya hannu kamar mai murɗa mukulli, za ka ji kan rediyas yana juyawa a ƙarƙashin fata.

Duk fuskokin nan an lulluɓe su da guringuntsi mai santsi wanda kaurinsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Ba shi da jijiyar jini, shi ya sa idan ya goge ba ya komawa yadda yake. Idan ka tura abu da miƙaƙƙen hannu, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin ta kan rediyas yake bi, don haka guringuntsin wannan gefe ne ya fi saurin gogewa idan shekaru sun ja, sau da yawa ma ba tare da mutum ya ji komai ba.

Ga inda naka yake. A ƙashin damtse akwai ramuka biyu da alna ke shiga, ɗaya a baya ɗaya a gaba. Idan ka miƙe hannu, tsinin alna na baya yana faɗawa ramin baya. Idan ka lanƙwasa, ɗan tsinin gaba ya shiga ramin gaba. Kowane bugun guduma yana sa waɗannan tsinaye su doki bakin ramukansu. Shekara da shekaru ana haka, sai ƙashi ya kare kansa ta hanyar da ya iya, wato ya yi toho a kan tsinin, ramin kuma ya fara cikewa. Ka ga ƙofar da tsakuwa ta shiga bayanta? Maƙallanta lafiya lau, amma ba za ta buɗe har bango ba. Wannan shi ne amosanin gogewa a gwiwar hannu: a baki-baki yake farawa, tsakiya kuma ta daɗe da sauran lafiyarta, saɓanin gwiwar ƙafa inda tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa ke tsukewa da wuri. Abin da mai duba hotonka ke nufi ke nan. Shi ya sa kuma zafin naka yake zuwa a ƙarshen miƙewa, ba a tsakiyar motsi ba. Cijewar da ka ambata kuwa, galibi ɗan ɓallin ƙashi ne ko na guringuntsi ke yawo a cikin gaɓar, ya maƙale, ya fita.

Irin wannan ba shi da yawa a gwiwar hannu, an fi ganinsa ga maza masu aikin ƙarfi, a hannun da suka fi mora. Tsohuwar karaya da ta ratsa fuskar gaɓa ma tana jawo amosani bayan shekaru. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ke afka wa rufin cikin gaɓa, wanda kan kama hagu da dama tare, da kumburi da sandarewar safe mai daɗewa. Bayaninka bai yi kama da shi ba.

Lafiyayyar gwiwa tana tafiya daga 0 zuwa wajen digiri 145, amma yawancin hidimar yau da kullum tsakanin 30 da 130 ake yin ta. Saboda haka idan ɗan abin da ya rage a miƙewa ne kawai, ni ba na gaggawar kai mutum ɗakin tiyata. Abin da nake hanawa shi ne a sa wani ya danne hannun da ƙarfi wai don ya miƙe. Ƙashi ne ya tokare, ƙarfi sai dai ya ƙara kumburi. Rage bugun da ke girgiza hannu, ka riƙa ɗaukar kaya da gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka je wurin masu gashin ƙashi su koya maka motsa ta a hankali. Farasitamol ko maganin shafawa na rage kumburi suna taimakawa. Masu ƙarfi irin su ibufurofen kuwa a kiyaye daɗewa a kansu, musamman mai gyambon ciki, hawan jini ko ciwon ƙoda.

Idan cijewar ta yawaita, akwai aikin da ake yi ta ƙananan huji da kyamara, a kankare tohon, a share ramukan, a kwashe ɓallayen. Tunda tsakiyar gaɓarka tana nan, kana cikin waɗanda wannan aiki ya fi yi wa amfani. Sauya gaɓar da ta ƙarfe ba ta mai guduma ba ce, domin bayan an sa ta ba a yarda mutum ya ɗauki abin da ya wuce 'yan kilo kaɗan har iyakar rayuwarsa.

Abu biyu kada ka jira da su. Akwai jijiyar laka da ke bi ta bayan ƙullin ƙashin gwiwar na ɓangaren jiki, wadda idan ka buge ta kake jin kamar wutar lantarki. Toho na iya matse ta, don haka in ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fara dindiris, ko riƙonka ya yi rauni, koma wurin likitan ƙashi da wuri. In kuma gwiwar ta kumbura farat ɗaya, ta yi ja da zafi, ga zazzaɓi, a ranar za ka je asibiti, don yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar.