Kwana uku za su isa a ziyarci Cape Coast?

Malam, ka tambaya ko kwana uku za su ishe ka ka zagaya Cape Coast da ke gaɓar tekun Ghana. Za su isa, muddin ka tashi daga Accra da sassafe, domin cunkoson motoci a Kasoa yakan cinye wa matafiyi sa'o'i.

Ka fara da ganuwar Cape Coast, wato tsohon sansanin da Turawa suka gina a bakin teku, sannan ka wuce Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina tasu ganuwar a 1482. Ɗan rakiya zai shigar da kai kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda a da ake tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa, ɗakuna masu duhu da zafi waɗanda iska ba ta shiga sai ta 'yar ƙaramar kafa. A ganina wannan wurin ya cancanci yini guda cur, kada ka yi masa gaggawa.

Kashegari ka tafi dajin Kakum ka taka gadar igiya da aka ɗaura a saman bishiyoyi. Masunta ba sa fita kamun kifi ranar Talata, saboda haka idan kana son ganin hada-hadar kwale-kwale a Elmina ka zaɓi wata rana. Ka kuma yi hattara da wanka a teku, domin igiyar ruwan wajen tana da ƙarfi ƙwarai.