Katin wiwi na magani da bindiga a Amurka: ba sa haɗuwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai katin tabar wiwi ta magani, wanda jiharsa ta ba shi, zai iya sayen bindiga. A dokar tarayya, a'a, ko da jiharka ta halatta wiwi.

Matsalar tana sashe na 922(g)(3) na dokar makamai ta tarayya, wanda ya hana mai shan haramtacciyar ƙwaya riƙe bindiga ko harsashi. Dokar tarayya ta 1970 ta sa wiwi cikin haramtattun, kuma takardar likita ba ta goge wannan.

A shago za a miƙo maka fom mai lamba 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Ciki akwai tambayar ko kana shan wiwi, da gargaɗi ƙarara cewa halaccin jiha bai shafi tarayya ba. Ka ce "e", ciniki ya mutu nan take. Ka ce "a'a" alhali kana sha, ka yi ƙarya a takardar gwamnati, laifin da kan kai shekara 10 a kurkuku. Riƙe bindigar kanta kuwa, tun 2022 hukuncinsa ya kai shekara 15. Wadda ka mallaka tun kafin katin ma ba ta tsira ba.

Tun 2011 ATF ta umarci dillalai kada su sayar wa wanda suka san yana da katin. Bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2022 kan 'yancin riƙe bindiga, wanda ake kira Bruen, wasu kotuna sun fara ja da sashe na 922(g)(3), amma kada ka jingina da su. Nemi lauyan jiharka kafin ka taɓa fom ɗin.