Kun Tambaya: Me Ƙasa Ke Asara Idan Ta Tallafa wa Ƙawarta a Yaƙi?

TAMBAYA: Kullum muna jin wata ƙasa ta ware biliyoyin daloli domin taimakon ƙawarta da ke yaƙi. Tun da sojojinta ba su shiga fagen daga ba, ashe ba kuɗin nan ne kaɗai asararta ba? Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, a ganina adadin da ake sanarwa shi ne mafi sauƙin abin da mai taimako ke biya, domin shi ana iya lissafa shi tun kafin a kashe. Abin da ke karya ƙasa shi ne wanda ke biyo baya, wato bashi, da rumbun makamai da ya ƙare, da kuma nutsewa cikin yaƙin da aka ce ba za a shiga ba.

Mu fara da bashi. A 1778 Faransa ta ƙulla ƙawance da Amurkawa masu neman 'yanci daga Ingila, ta aika musu jiragen ruwa, sojoji da kuɗi, kuma galibin abin da ta kashe rance ta ci. Amurka ta samu 'yancinta, amma zuwa 1788 kusan rabin abin da gwamnatin Faransa ke kashewa yana tafiya ne wajen biyan bashi da kuɗin ruwansa. Wannan matsin na cikin abubuwan da suka tilasta wa Sarki Louis na 16 kiran taron wakilan ƙasa a 1789, taron da ya buɗe ƙofar juyin juya halin da ya ci sarautarsa da ransa. Wanda aka taimaka ma ba ya fita salin alin, domin rancen da Birtaniya ta karɓa daga Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai a Disamban 2006 ta gama biya.

Batun makamai shi ne ya fi damuna, saboda kuɗi ba ya zama harsashi a dare ɗaya. Tsakanin 2022 da Afrilun 2024 majalisar dokokin Amurka ta amince da kimanin dala biliyan 175 kan yaƙin Ukraine, kuma kaso mai yawa a masana'antun Amurka aka kashe shi, wajen maye gurbin abin da aka kwasa daga rumbunta. Kafin yaƙin, Amurka na ƙera harsasan atilare masu faɗin milimita 155 kusan 14,000 a wata, alhali sojojin Ukraine kan harba dubbai a rana guda. Ka ga abin da ma'aikata suka yi wata suna narka ƙarfe da ɗura albarushi a kai, cikin 'yan kwanaki ya ƙare. Gina sabuwar masana'anta da horar da ma'aikatanta kuwa shekaru yake ɗauka, kuma kafin nan hafsoshin ƙasar suna kwana da fargabar kada wani yaƙin ya same su hannu rabbana.

Akwai kuma ramuwar abokan gaba. Da Amurka ta yi wa Isra'ila jigilar makamai a yaƙinta da Masar da Siriya na Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai sun hana Amurka man, farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni, direbobi suka yi ta dogayen layuka a gidajen mai.

Zancen cewa sojojinta ba su shiga ba kuwa, sau da yawa na ɗan lokaci ne, domin makami yana buƙatar mai koyarwa, mai koyarwa yana buƙatar mai gadi, kuma shugaban da ya zuba dukiya yakan ji nauyin janyewa. A 1963 Amurka na da sojoji kimanin 16,000 a Kudancin Vietnam da sunan masu ba da shawara. Zuwa 1968 sun haura 500,000, kuma kafin yaƙin ya ƙare Amurkawa fiye da 58,000 sun rasa rayukansu.