Ku Tambayi Uwargida: Ƙanƙarar 'Ya'yan Itace a Lokacin Zafi

Tun daga tsakiyar watan Fabrairu, lokacin da hazo yake janyewa, har zuwa saukar ruwan farko, mazauna Abuja sun san yadda rana take ƙwallewa, musamman a watan Maris da zafi kan haura digiri 37 da tsakar rana. A daidai wannan lokaci ne mangwaro da kankana suke cika kasuwar Zuba, wasiƙun da ke zuwa wannan fili kuma su karkata ga abin sanyaya maƙoshi. A wannan fitowa na zaɓi guda huɗu da suka shafi ƙanƙarar 'ya'yan itace, wadda ake daskarwa a gida, ko a leda ko a kan tsinke.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina da yara uku 'yan firamare, kuma kullum idan sun dawo daga makaranta sai sun roƙi kuɗin ƙanƙarar leda da ake talla a unguwarmu. Hankalina bai kwanta da ita ba, domin ban san ruwan da aka yi ta da shi ba, shi ya sa na fara yi musu da kaina. Na markaɗa kankana, na ƙara ruwa don ta yi auki, na zuba suga, na sa a firiza. Sai ta fito da tauri kamar dutse, kuma da yara sun tsotsa sau biyu ko uku sai jan ya tafi, zaƙin ya bi shi, a bar su da farar ƙanƙara salam. A ina na yi kuskure?
Wata uwa daga Kubwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana yaran. Kin yi tunani mai kyau da kika mayar da abin hannunki, kuma kuskuren naki yana cikin kalma ɗaya da kika ambata, wato auki. Kankana ita kanta kusan kashi 92 cikin 100 ruwa ce, saboda haka idan kika ƙara mata wani ruwan, abin da kika sa a firiza ruwa ne mai launi kawai. Lokacin da irin wannan haɗi yake daskarewa, ruwan zalla ne yake fara kamawa, yana ture suga da launi zuwa 'yan ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙanƙarar. Da yaro ya sa baki ya tsotsa, abin da ya taru a kafofin nan shi ne yake fara fita, shi ya sa ake barin sa da fari fat a hannu.

Maganin abin shi ne ki daskarar da tsokar ɗan itacen gaba ɗaya, ki rage ruwa gwargwadon iko. Mangwaro da ayaba da gwanda suna da kauri na kansu, kuma wannan kaurin shi yake hana ƙwayoyin ƙanƙara girma, har abin ya fito da laushin da haƙori zai iya gatsa. A ganina babu abin da ya kai mangwaro dacewa da wannan aiki, musamman wanda ya nuna sosai har masu sayarwa suka fara karya masa farashi. Ki dai duba da kyau kada ki ɗauko wanda ya fara tsami ko wanda tsutsa ta shiga, domin sanyi ba ya gyara abin da ya riga ya lalace.

Ga yadda nake yi a gidana. Nakan wanke manyan mangwaro uku, in fere, in yanke tsokar, wadda takan kai kofin shayi biyu. Sai in zuba a bilanda tare da rabin kofi na yogot marar zaƙi ko kindirmon da na yarda da tsaftarsa, da ruwan lemun tsami guda ɗaya, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Idan mangwaron mai zare ne, irin ƙananan nan na gida, lallai ne a tace shi da rariya bayan markaɗe, in ba haka ba zaren zai riƙa maƙale wa yara a haƙori su ƙi sha. Suga kuwa ba na zuba shi gari. Nakan dafa babban cokali uku da ruwa cokali uku har ya narke, in bar shi ya huce sarai, sannan in haɗa. Sugan da bai narke ba ƙasa yake zama, sai gindin ƙanƙarar ya yi zaƙi har ya gundure, samanta kuma ya zama lami.

Suga a nan yana da aikin da ya wuce zaƙi. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, amma ruwan da suga ya narke a cikinsa sai sanyi ya wuce haka kafin ya kama, kuma ko ya kama ba ya yin taurin dutse. Bayan haka sanyi yana dusashe ɗanɗano a harshe, don haka idan kin ɗanɗana haɗin kafin ki zuba, ya kamata ki ji zaƙinsa ya ɗan ɗara yadda za ki so shi a kofi. Sai dai ina roƙon ki kada wannan ya zama dalilin cika hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci, har da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace da aka matse, ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wanda ga babban mutum bai wuce ƙaramin cokali 12 ba, ga yaro kuwa ƙasa da haka ne. Cokali ukun nan da na ambata ana raba su ne ga ƙanƙara shida zuwa takwas, kuma idan mangwaron ya nuna da kyau nakan rage zuwa biyu.

Kankanar taki ma ba a yar da ita ba. Ki cire 'ya'yan, ki markaɗa ba tare da ɗigon ruwa ba, ki jefa ayaba nunanniya guda ɗaya a cikin kowane kofi uku, ki matsa lemun tsami, wanda zai fito da ɗanɗanon kankanar kuma ya hana ayabar yin baƙi. Zoɓo da tsamiya su ma haka suke, tunda ruwa ne tsinkakke. Ki dafa su da kauri fiye da na sha, ki markaɗa abarba ki tace a ciki, za ki ga bambanci.

Wajen zubawa, ƙananan kofunan roba sun wadatar idan ba ki da mazubin da ake sayarwa a kasuwar Wuse ko ta Utako. Kada ki cika har baki, ki bar wuri kamar faɗin yatsa, domin ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare. Ki bar haɗin ya yi kamar awa ɗaya da rabi a firiza har ya fara kamawa, sannan ki tsayar da tsinken ko ƙaramin cokali a tsakiya, zai tsaya cak. Ki ajiye kofunan can ciki inda sanyi ya fi ƙarfi, domin daskarewa da sauri tana ba da ƙwayoyi ƙanana masu laushi. Awa shida zuwa takwas sun isa, kwana ɗaya ya fi. Idan za ki cire, ki tsoma gindin kofin a ruwa mai ɗumi na daƙiƙa 15, ki ja a hankali.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Maiɗakina ta yi wa yara ƙanƙarar mangwaro da madara mai yawa, sai wuta ta ɗauke mana kusan kwana biyu. Da aka buɗe firiza duk ta narke ta koma ruwa, ko da yake da ɗan sauran sanyi. Yanzu wuta ta dawo. Ita tana ganin a bar ta ta sake daskarewa, ni kuma ina shakka. Mene ne shawararki?
Wani magidanci daga Lugbe

AMSA: Malam, shakkar taka tana kan hanya, kuma ina ba Hajiya haƙuri, domin na san zafin ganin wahalar hannu da kuɗin cefane sun tafi a banza. Wannan ƙanƙara a zubar da ita. Mutane da yawa suna ɗauka cewa firiza tana kashe ƙwayoyin cuta, alhali kwantar da su kawai take yi. Da abin ya narke ya fara ɗumi sai su farka su ci gaba da hayayyafa, kuma madara da suga su ne abincin da suka fi so. Idan aka sake daskarwa, an adana su ne da yawansu, kuma ba lallai wari ko ɗanɗano ya nuna ba. Da a ce kun tarar da ita da sauran ƙanƙara a jiki, gefe kawai ya saki, da sai in ce a mayar, ko da yake za ta fito da garas-garas a baki.

Don gaba, firizar da take cike kuma ba a buɗe ta tana iya riƙe sanyi kusan awa 48, wadda take rabi kuwa kusan awa 24, kuma a zafin Maris gara a ɗauka cewa lokacin bai kai haka ba. Ku cika wuraren da babu komai da gorunan ruwa su daskare, su ne za su riƙe sanyin idan wuta ta tafi, a kuma hana yara yawan buɗawa. Akwai wata dabara mai sauƙi: a daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, a ɗora tsabar kuɗi a kai, a bar shi a ciki. Duk ranar da aka tarar da tsabar ta nutse ƙasa, an san kayan sun narke sun sake kamawa ba da sanin kowa ba. A unguwar da wuta ba ta zama, shawarata ita ce a riƙa yin kaɗan, abin da za a shanye cikin kwana biyu ko uku, a kuma fi karkata ga zoɓo da tsamiya da 'ya'yan itace zalla, a bar mai madara da kunun aya sai ranar da aka tabbata da wuta.

TAMBAYA: Anti, ni ɗaliba ce a Jos. Na haɗa abarba da madara na daskarar, sai ta fito da ɗaci. Madarar ce ta lalace? Kuma ko zan iya amfani da sitiroberi da muke samu a nan?
Wata ɗaliba daga Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Ɗiyata, madararki lafiyarta ƙalau. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari da yake narkar da furotin, shi ya sa ma wasu suke tausasa nama da ita, kuma idan ya haɗu da madara ya ɗan jima sai ya tsinka ta ya bar ɗaci. Gwanda ma tana da irinsa, musamman wadda ba ta gama nuna ba. Zafi yana kashe ƙarfin sinadarin, don haka ki tafasa markaɗaɗɗiyar abarbar na minti biyar, ki bar ta ta huce kafin ki haɗa da madara.

Sitiroberi kuwa ku mutanen Filato Allah ya ba ku, domin sanyin tudun Jos, wanda ya haura mita 1,200, shi ya sa ake noma shi a wajajen Vom, mu a Abuja sai an kawo mana da tsada. Yana shiri da yogot ƙwarai. Tunda ba a fere shi kuma kusa da ƙasa yake girma, ki wanke shi da ruwa mai tsafta sau biyu ko uku kafin ki cire ganyen kansa. Ki markaɗa kashi biyu cikin uku, ki yayyanka sauran ƙanana ki zuba a ciki, domin mai sha ya riƙa cin karo da su.

TAMBAYA: Anti, surukata ta ce ƙanƙara tana sa yara mura, ta hana in ba su. Kuma ina da jaririya 'yar wata goma da take miƙa hannu idan yayyenta suna sha. In sa mata zuma maimakon suga?
Wata uwa daga Gwagwalada

AMSA: 'Yar'uwa, bari mu fara da tambayarki ta biyu, domin ta fi gaggawa: kada ki ba ta zuma ko kaɗan. Ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda tana iya ɗaukar wasu ƙwayoyi da hanjin jariri bai isa ya yaƙe su ba, kuma cutar da suke haifarwa tana shanye jiki. Daskarewa ba ta kawar da su. Suga ma ba ta buƙatarsa a wannan shekarun. Ki dama mata nunanniyar ayaba ko mangwaro, ki ɗan sanyaya a firji, ki ba ta da cokali tana zaune a cinyarki. Ƙanƙara mai tsinke ta jira sai ta girma, domin gutsure mai tauri yana iya shaƙe ta.

Game da maganar Mama, ki saurare ta da ladabi, domin kulawa ce ta sa ta faɗa. Mura dai ƙwayar cuta ce take kawo ta, wadda ake ɗauka daga wani ta tari da atishawa da hannu. Amma akwai yaran da abu mai sanyi yake tayar musu da tari, musamman masu asma, kuma irin waɗannan a bi abin da likitansu ya ce. Abin da ya fi damuna da ƙanƙara shi ne ciwon ciki, domin ƙwayoyin kwalara da na taifot suna iya rayuwa a cikin ruwan da ya daskare. Saboda haka duk ruwan da zai shiga haɗin ya zama tafasasshe ko wanda kika amince ki sha, a wanke bayan kankana da abarba kafin wuƙa ta ratsa su, a kwance bilanda a wanke ƙarƙashin wuƙarta inda datti yake ɓuya. Idan a leda za ki ƙulla, ki sayi sabuwa fara ta abinci, ki bar haɗin ya huce kafin ki zuba, kuma kada ki hura ta da baki don ta buɗe kamar yadda aka saba, ki murza bakinta da yatsu masu tsafta. Ranar da za ki yi, ki kira Mama kicin ta ga yadda kike haɗawa, ki fara miƙa mata ta tsamiya mai ɗan citta, ki roƙe ta ta bari a gwada ba yaran guda ɗaya bayan abincin rana.