Ƙarafan da ke tayar da mai ciwon laka tsaye: mu sayar da gona mu nema?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanina ɗan okada ne, mota ta buge shi a hanyar Ikorodu wata bakwai ke nan, aka ce lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba motsi. To sai na ga bidiyo a Facebook an ɗaura wa wani bature wasu ƙarafa a ƙafafu ya miƙe yana tafiya. Don Allah abin nan yana warkarwa? Babanmu har ya fara zancen sayar da gonarsa ta gida. Daga 'yar'uwarku a Mile 12, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ce. Ki ce wa Baba ya dakata da maganar gonar nan tukuna.

Na'urar akwai ta da gaske. Akwai ReWalk wadda Amurka ta amince a yi amfani da ita a gida a 2014, a lokacin kuɗinta ya kai wajen dala 70,000, akwai kuma Lokomat ta ƙasar Suwizalan, ita a asibiti take, a rataye mutum da ɗamara a kan bel mai tafiya injin yana ɗaga masa ƙafa yana saukewa. Amma fa ba ta ɗinke lakar da ta tsinke, batir da inji ne ke yin tafiyar, da an kwance ta sai a koma kan keke. Kuma ita ReWalk sai mai ƙarfin hannu da zai iya dogara sanduna, shi kansa Amit Goffer da ya ƙirƙiro ReWalk bai iya amfani da ita ba saboda nasa ciwon ya taɓa hannaye.

Abin da nake so ki tambayi likitansa shi ne, lakar ta yanke ne gabaɗaya ko da saura? In da saura, misali yana jin taɓi a ƙasa ko yatsa na ɗan motsi, to maimaita taku sau da yawa yana taimaka wa jijiyoyin da suka rage su koyi aiki, nan ne na'urar ke da amfani, kuma masu gashin ƙashi suna yin irin wannan atisayen da hannu. Ku kai shi asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba a auna shi.

Wallahi abin da ya fi damuna shi ne gyambon kwanciya da ciwon mafitsara, su ne ke kayar da masu wannan lalurar. A riƙa juya shi duk bayan awa 2, a duba ƙugu da dunduniya kullum, a tsaftace robar fitsari, a miƙe masa gaɓoɓi kada su sandare. Kuɗin da ke hannu a fara sa shi a katifa mai kyau da keken da ya dace da jikinsa, in kun je asibitin ki sake rubuto min abin da suka ce.