Tambaya da Amsa: Shin Horar da Jiki Yana Gyara Shugabanci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni shugaban wata makarantar firamare ne, malamai 11 ke ƙarƙashina. Duk lokacin da wani ya ja da ni a taro, sai ƙirjina ya ɗaure, muryata ta ɗau rawa, in faɗi maganar da zan kwana ina da-na-sani. Ƙanena mai koyon judo ya ce wasannin kare kai suna maganin wannan. Gaskiya ne? Shekarata 47. Daga wani malami, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar ƙanenka tana da tushe. Idan mutum ya ji an taɓa mutuncinsa, jikinsa yakan karɓi baƙar magana kamar yadda zai karɓi hari: sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya tsaya a ƙirji, kafaɗu su ɗaga, kuma duk wannan yana faruwa kafin hankali ya gama auna abin da aka faɗa. Shi ya sa ɗaukar alkawarin haƙuri da safe ba ya hana ka fashewa da hantsi.

Ka tuna tsayuwar gwanin ɗan dambe. Ƙafafunsa a ware suke, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannun garkuwa a miƙe yana auna tazara, hannun da aka naɗe kuwa yana baya yana jira. Kalangu na tashi, jama'a na ihu, amma shi bai bar tsayuwarsa ba. Sabon shiga ne ke kai naushi cikin gaggawa, nauyinsa ya rinjaya gaba, ya sha ƙasa. A ganina, abin da ke samunka a taro ke nan: kana kai hannu kafin ka kafa ƙafa.

Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a birnin Tokiyo na Japan a 1882, shi ma malamin makaranta ne, kuma ya gina koyarwarsa a kan amfani da ƙarfi ta hanyar da ta fi dacewa da kuma amfanar juna. Darasin farko a judo shi ne yadda ake faɗuwa ba tare da jin rauni ba, domin wanda ya daina tsoron faɗuwa ba ya sandarewa idan an ture shi. A Amurka, wani mai koyarwa, Richard Strozzi-Heckler, ya ɗauko irin wannan darasi daga aikido, wani wasan kare kai na Japan, yana horar da sojoji da shugabannin kamfanoni.

Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya fusata yana tsaye da ya zauna, in fushin bai tafi ba ya kishingiɗa. Ka lura, ta jiki aka bi.

Ba sai ka shiga fage ba. Kullum bayan Asuba ka tsaya minti 5, tafin ƙafafunka a kafe, ka saki kafaɗu da muƙamuƙi, kana fitar da numfashi a hankali fiye da yadda ka shaƙa, domin doguwar fitarwa tana sassauta bugun zuciya. Sannan ka sa ƙanenka ya riƙa tura kafaɗarka sannu-sannu yana maimaita kalmomin da suka fi ɓata maka rai, kai kuwa kana komawa ga tsayuwarka kafin ka amsa. Makonni ake yi kafin jiki ya saba, kada ka gajiya.

Abu biyu nake roƙonka. Ka je a auna hawan jininka, musamman idan ɗaurewar ƙirjin tana zuwa da ciwo. Kuma idan ka samu natsuwar, ka yi amfani da ita wajen sauraron malamin da ke ja da kai har ya kai aya, domin mai yiwuwa a kan batun jadawali ko rabon aji shi ke da gaskiya.