Layukan da suka cinye mini jika 120

Ka ce hotunan da ka ɗauko daren jiya a walimar Sabon Gari sun fito layi-layi, nan haske nan duhu kamar saƙar tabarma, kana tambaya ko kamarar ce ta lalace. Kamarata lafiyarta lau, yaro. Kai ne ka sa ta a yanayin shiru, ka kai gudun ƙyaure (shutter, mai buɗewa haske ya shiga) 1/500 na daƙiƙa, alhali fitilun wurin LED ne. Ban ga hotunan ba, amma na san haka aka yi, don wannan abin ya taɓa ƙona ni, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Wani Alhaji ne a Birni, can bayan fada, zai aurar da 'yarsa. Muka yi ciniki jika 170, ya ba da 50 kafin alƙalami. Da magariba kuran ya ɗauke, aka tada gurup, aka rataya fitilun nan masu araha a tsakar gida. Malamai suka fara addu'a, sai Alhaji ya aiko ƙanensa wai ƙarar kamarata tana damun mutane, in kashe ta. Na girmama shi, na mayar da ita shiru. Ina leƙa ɗan allon baya sama-sama, komai kamar daidai. Sai da na zo nan shago na buɗe a kwamfuta na ga farin leshin amarya da baƙaƙen layuka biyar a kwance, fuskar uwar ango rabi fari rabi ɗorawa. Kwana uku ina kansu da Photoshop, idona har ruwa yake. Wannan layin ba ya goguwa, sai dai a rage masa kaifi. Na kai masa waɗanda suka tsira, na gaya masa gaskiya, na ce ya rage abin da ya ga dama. Ya karɓi katin ya ce zai duba. Sauran kuɗina ko dala ban gani ba, amma kafin sati hotunan nan da ya kira banza suna yawo a WhatsApp, har an wanke biyu an rataya a falonsa. Shi ya ce in kashe ƙarar, shi kuma ya ci haƙƙina. Na bar shi da Allah.

To ka buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa. Kuran ɗin Nijar 50 Hz ne, wato yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka fitila tana dushewa tana dawowa sau 100 a daƙiƙa guda, idonka ne ba ya kamawa. In kamara tana shiru, ba a tashi ɗaya take ɗaukar hoton ba, layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa. Layin da ya tarar da fitila a cike ya yi haske, wanda ya tarar da ita a dushe ya yi duhu. Ka mayar da ƙyauren ƙarfe mai ƙara, ka sauko 1/100 ko 1/50. In gurup ne, kada ka amince da lissafi, don in an ɗora masa firji da lasifika gudunsa tangaɗi yake. Ɗauki farin bango, ka zuƙo hoton sosai, ka yi ta canza gudu har bangon ya wanke. A bidiyo ka tabbata tana kan PAL, saitin da ya dace da 50 Hz, don kamarar da aka sayo daga Amurka da saitin 60 Hz take zuwa.

Baƙin da ke cin gefe ɗaya in ka kunna filas daban ne, ka wuce 1/200 ke nan. Zoben da ke fitowa a sararin sama kuma laifin JPEG ne, tsarin da ke matse hoto, matakai 256 kawai gare shi a kowane launi, ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoto mai matakai fiye da haka. Yadda ake shiga saitin ba zan tsaya nuna maka ba. Ku yaran yanzu kuna iya kwana kuna latsa waya, amma ɗan littafin da ke cikin kwalin kamara ba wanda ya taɓa buɗe shi.

In kuwa ka fita da rana tsaka, ka canza kati, layin yana nan wuri ɗaya a kowane hoto, to kada ka sa mata sukuddireba. Kawo mini ita, ni zan kai ta Kano da kaina.